Fibrom: a bar shi, a sha magani, a cire ƙarin ko a cire mahaifar gaba ɗaya?

A Yamai in aka ce ma mace ekografi ta nuna fibrom, kafin ta sauka daga taksi shawarwari sun riga ta isa gida. Wannan ta ce kar ki kuskura ki yarda a sa maki wuƙa akwai wani mai magani wajen Katako, waccan ta ce je ki a cire tun bai girma ba, uwar miji kuma ita lissafinta ɗaya ne, jika. Kowacce fa tana faɗin abin da ya yi ma ta ko ya yi ma ƙawarta ne, alhali fibrom ɗin wata ba shi ne na wata ba, kuma abin da zai yi ma ƴar shekara 30 da ba ta taɓa haihuwa ba shi ne zai zama ɓata lokaci da kuɗi ga mai 47 da ta aurar da ɗiya biyu.

Shi dai fibrom ƙari ne da ke tsirowa daga tsokar mahaifa, ba ciwon daji wato kansa ba ne, kuma da wuya ƙwarai a tarar da kansa ɓoye a cikinsa. Yawansa ya wuce yadda muke zato, wani bincike da aka yi a Amurka a 2003 da ekografi ya gano cewa kafin shekara 50 sama da kashi 80 cikin 100 na mata baƙar fata suna da shi, fararen kuma kusan 70, kuma mu baƙaƙe yana fara mana da wuri, ya fi yawa ya fi girma. Sinadaran jikin mace masu tafiyar da al'ada, estorojen da forojestaron, su ke ciyar da shi, shi ya sa ba a ganinsa ga yarinyar da ba ta balaga ba kuma yana motsewa bayan al'ada ta ɗauke. Gado yana ciki, in innarki ko yayarki ta yi ke ma kina kusa, ƙiba tana ciki, fara al'ada da wuri yana ciki, kuma gaskiya ne wadda ba ta haihu ba ta fi kusa da shi, sai dai wannan bai ba kowa izinin ce ma budurwa rashin aure ne ya jawo maki ba, don masu ɗiya bakwai ma suna cike da layin jinekolog.

Yawancin masu shi ba su ma san suna da shi ba. To me ya sa wata ke wahala wata ba ta jin komi? Wurin da ya zauna. Ki ɗauki mahaifa kamar ɗaki, akwai ƙarin da ke cikin ɗakin inda jinin al'ada ke taruwa kuma inda ciki ke zama, akwai wanda ke cikin bango, akwai wanda ya fito ta bayan ɗaki. Na cikin ɗaki ko santimita 2 ne zai iya sa ki zubar da jini guda guda ki canza auduga duk awa, ya hana ciki zama ko ya jawo ɓari. Na waje kuwa sai ya kai santimita 10 al'adarki lahiya lau, sai dai nauyi a mara, yawan fitsari in ya danne mafitsara, bahaya da ƙyar in ya danne hanji, ciki ya fito mutane suna maki barka. Na bango yana tsakani, ya danganta da girmansa da ko ya tura ciki. Donk in an miƙo maki takardar ekografi kar idonki ya tsaya kan girman kawai, ki ce ma lokotoro ya zana maki inda yake, da guda nawa ne.

Wani abu da ke cin ranmu a nan shi ne zancen kwantaccen ciki. Mace cikinta ya yi tudu, tana jin abu mai tauri, ga ta da ƙishin haihuwa, sai tsofaffi su ce ciki ne ya kwanta, a yi ta jiƙe jiƙen tayar da shi shekara biyu uku. Gwajin fitsari da ekografi guda sun isa su raba gardamar nan a wuni ɗaya.

Hanya ta farko, a bar shi a sa ido. Mutane ba su ɗauke ta magani amma ita ce daidai ga mafi yawa. In ba zubar jini mai yawa, ba ciwo, ba ya danne komi, jininki a analiz yana 12 ko sama, ba dalilin da zai sa a yanka ki don kawai an ga abu a allo. Ki riƙa komawa ekografi kamar sau ɗaya a shekara ko yadda aka ba ki randebu. Wadda ta fi cin ribar wannan ita ce wadda ta kusa daina al'ada. Amma barin da nake nufi na wadda ake auna ta ne, ba na wadda ke zubar da jini kwana goma sha tana cewa ai haka jikina yake ba. Mu kan je wajen malam mu tambayi hukuncin salla, a ce mana a Malikiyya haila ba ta wuce kwana 15 saura jinin ciwo ne, mu yi wanka mu ci gaba da salla, sai mu manta an ce mana na CIWO ne. A wajen likitoci al'adar da ta wuce kwana 7 ko 8, ko mai gudaji manya, ta isa a duba. In kina jin jiri, hawa bene yana sa ki haki, zuciya na bugawa, kina sha'awar taunar ƙanƙara ko farar ƙasa, to jini ya yi ƙasa, ke ba ki cikin masu jira.

Hanya ta biyu magungunan rage jini, kuma a nan ne ake yawan ruɗewa, don ba su narkar da fibrom, jinin kawai suke ragewa. Akwai Exacyl da ake sha kwanakin da jini ke zuba sosai kaɗai, yana rage shi da kyau, ba ya hana ɗaukar ciki, amma wadda jini ya taɓa daskare ma a jijiya ba ta shansa sai da izinin likita. Akwai irin su ibuprofen da Ponstyl, suna rage ciwon mara da ɗan jini, mai gyambon ciki ta kiyaye. Aspirin kam a bar shi, ƙara zubar yake. Sai ƙwayar ƙarin jini, fer, wadda ake sha wata da watanni ba sati ɗaya ba, kuma don Allah ba tare da shayi ba, shayi yana hana jiki tsotsar ta, ki raba su da awa biyu. Hanta, nama, wake, zogale duk suna taimako amma in jini ya sauka zuwa 7 dambun zogale ba zai maido shi ba.

Sai magungunan tazarar haihuwa, ƙwaya ko allurar wata uku, su ma suna rage jini ga wasu har ya ɗauke. Wanda ya fi su ƙarfi a wannan aikin shi ne abin da ake sawa cikin mahaifa mai sinadari, Mirena, yana yin shekara 5 ko fiye, sai dai yana da tsada kuma in ƙarin ya lanƙwasa cikin mahaifa yana iya faɗowa. Kar ki ɗauka shi ne mai jan ƙarfe da aka saba sawa a wajen tazarar haihuwa, wancan ƙara jinin al'ada yake, mai fibrom mai zubar jini ta faɗa ma sajfam tun kafin a sa. Matsalar duk wannan rukunin a fili take, wadda ke neman ciki yanzu yanzu ba nata ba ne.

Akwai kuma allurar nan mai tsada, Decapeptyl ko Zoladex, ita kam tana motsar da ƙarin, cikin wata uku yana iya raguwa da sulusi har zuwa rabi, al'ada ta tsaya jini ya taru. Ana jin haka sai a ce to ai ga magani. A'a. Tana sa jiki ya zama kamar na wadda al'ada ta ɗauke ma, zafi yana taso maki, zufa cikin dare, bushewar gaba, ƙashi yana rage ƙarfi, shi ya sa ba a wuce wata 6 da ita haka nan, kuma da an daina ƙarin ya koma yadda yake cikin ƴan watanni. Amfaninta shiri ne kafin aiki, a samu jini ya hau a rage girman, ko a ƙarasa da mace zuwa ɗaukewar al'ada in ta kusa. Wadda ta saye ta da niyyar kauce ma aiki kwata kwata, tana ƴar 33, kuɗinta ta zubar. Akwai wata ƙwaya Esmya da aka yi yayinta, a Turai an taƙaita ta sosai a 2020 saboda ta lalata hantar wasu, in wani ya ce zai sa a kawo maki daga waje kar ki sha ba likita a kanki.

Yanzu manyan guda biyu, inda ake kuka da shawara da kiran dangi.

Cire ƙarin a bar mahaifa, miyomektomi. Wannan na wadda ke son haihuwa ne, ko wadda dai ba ta shirya rabuwa da mahaifarta ba. In ƙarin ƙarami ne yana cikin ɗakin ana iya bi ta gaba da na'ura mai kyamara a kankare shi ba yanka ko ɗaya, kwana ɗaya biyu kin miƙe. In ba su da yawa ba su yi girma ba akwai aikin ƙananan huda a ciki. Amma mu da ba mu zuwa sai abu ya kai girman cikin wata biyar shida, yawanci buɗe ciki ake kamar sezariyen, ƴan kwanaki a asibiti, sati 4 zuwa 6 ba ɗaukar bokiti ba daka. Abin da mutane ba su sani ba, wannan aikin sau da yawa ya fi cire mahaifa wahala ga mai yin sa, don kowane ƙari sai an tsaga an ƙwaƙulo an ɗinke, jini yana zuba, har sukan ɗaure gindin mahaifa da roba lokacin aikin don rage shi. Shi ya sa za a sa ku sa hannu cewa in jini ya ƙi tsayawa za a cire mahaifar don a ceci rai. Ba kasafai yake faruwa ba amma ba tsoratarwa ba ce, ki san da shi kafin ki shiga bulok, wato ɗakin tiyata. Bayan haka ciki yana iya mannewa, hanji da mahaifa da bututun ƙwai, wanda shi kansa yana iya hana ciki. Kuma yana dawowa, cikin shekara 5 kusan rabin waɗanda aka yi ma ana ganin sabbi a ekografi, ko da yake ba duka ke buƙatar sake aiki ba, wadda aka cire ma da yawa kuma tana da ƙuruciya ita ta fi kusa da komawa.

To shi ya sa lokaci ke da muhimmanci. Bayan aiki za a ce ki jira kamar wata 6 wasu har shekara kafin ciki, mahaifa ta warke, daga nan kuma ba a so a ja dogon lokaci. Budurwar da ba ranar aure, ƙarin ba ya damunta, in ta cire yau ƙila kafin auren wasu sun fito, ga tabo a mahaifa a banza. In kuma yana zubar mata da jini ba ruwan aikin da aure, a yi. Sannan duk wadda aka tsaga ma mahaifa da zurfi haihuwarta ta gaba ba ta gida ba ce ba ta ƙaramin asibitin kartiye ba, sai inda akwai bulok, sau da yawa sezariyen za a tsara tun kafin naƙuda don kar tabon ya yage. Ki ajiye takardar bayanin aikin kamar takardar fili. Sezariyen kyauta ce a asibitocin gwamnati tun dokar 2005, amma kar ki ɗauka kyautar ta haɗa da aikin fibrom, ki tambayi kuɗin aiki da na analiz da na ordonansi dalla dalla.

Kuma in don haihuwa za a yi, ni a ganina zalunci ne a yanka mace ba a auna maigida ba. Fibrom shi kaɗai ba kasafai yake zama sanadin rashin haihuwa ba, na waje ma kusan ba ruwansa da ita, na cikin ɗaki ne cire shi ke ƙara sa'a a fili. A yi hoton bututun ƙwai, shi kuma Alhaji ya daure ya kai maniyyi laboratuwar, abin wuni ɗaya ne. Sau nawa ake ɗora ma ƙari laifi don shi ne aka gani.

Cire mahaifa gaba ɗaya, isterektomi. Ita kaɗai ce hanyar da fibrom ba ya dawowa, jini ya tsaya har abada, ba sauran ekografi ba sauran fer. Farashinta kuma babba, ba sauran haihuwa, kuma ba a gyara wannan. Tsoron da ke kanta rabi gaskiya rabi tatsuniya. Ana cewa mace ta zama fanko, sha'awa ta mutu, miji zai ji rami, tsufa ya faɗo. Gaba tana nan yadda take, samanta ake ɗinkewa, bayan sati 6 zuwa 8 in likita ya duba ana komawa shimfiɗa, da yawa ma sai lokacin suke samun sakewa don ba jini ba ciwo. Tsufan da ake faɗa kuma yana zuwa ne in an haɗa da gidan ƙwai an cire, su ke ba da sinadaran, in an bar su al'ada ce kawai ba ki gani, saboda haka ki tambaya da bakinki za a bar mani su ko a'a, kuma don me. In an bar bakin mahaifa ki ci gaba da gwajin kansar bakin mahaifa. Babban aiki ne, akwai hatsarin jini da ƙwayoyin cuta da taɓa mafitsara ko hanyar fitsari, ba a raina shi.

Gaskiyar da ke ƙasa kuwa ba ta likita ba ce, kishiya ce. Na san wata inna, ta haura 45, ɗiya bakwai, autanta yana koleji, an ƙara mata jini har ta gaji, lokotoro ya ce Hajiya mu cire ki huta ta ce a'a a cire ƙarin dai. Ba haihuwa take so ba, ita ma ta san ta gama, ba ta son a ji a gidan an ce ba ta da mahaifa ne. Na fahimce ta wallahi, amma mu auna, ta zaɓi aikin da ya fi zubar da jini, mai yiwuwar dawowa, don kare abin da ba za ta ƙara amfani da shi ba, saboda bakin mutanen da ba su kwana da ita a asibiti. Sirrinki ne, ke da mijinki da likita, ba dole a yi shela a gidan suna ba. A ɗaya gefen kuma ƴar 29 da aka ce ma kai tsaye sai cire mahaifa, ba ta da ko ɗa ɗaya, ita kam ta nemi ra'ayin jinekolog na biyu kafin ta sa hannu, a Maternite Issaka Gazobi ko Babban Asibitin Referansi ko wani kilinik, ba raini ba ne haƙƙinta ne. Ƴan uwanmu na Tawa su fara da cibiyar uwa da yaro ta can kafin su kwaso hanyar sama da kilomita 500, in abin na turowa ne za a turo su da takarda.

Akwai wata hanya tsakanin biyun, toshe jijiyoyin da ke kai ma ƙarin jini, ambolizasiyon, likitocin Faransa suka fara bayyana ta a 1995. Ana zura siririn bututu ta jijiyar matsematsi a tura ƴan ƙananan ƙwayoyi su toshe hanyar, ƙarin ya yi yaushi ya motse. Ba yanka, kwana ɗaya biyu a asibiti, sati ɗaya biyu kin koma aiki, sai dai kwanakin farko akwai ciwon mara mai tsanani, kuma masu komawa a sake masu wani aiki sun fi na tiyata yawa. Wani gwaji a Birtaniya da aka fitar a 2020 ya kwatanta ta da cire ƙari, duka biyun sun ji sauƙi, amma bayan shekara 2 waɗanda aka cire ma sun ɗan fi. Ta fi dacewa da wadda ta gama haihuwa kuma ba ta son rasa mahaifa, mai neman ciki ba ita ake fara ba ta ba. Tana buƙatar ɗaki na musamman da ƙwararren likitan hoto, ba ko'ina ake yi ba, in da tahiya waje a ciki a haɗa da kuɗin jirgi da masauki da mai rakiya da likitan da zai riƙa duba ki in kin dawo.

Maganin gargajiya fa? Ba zan zagi kowa ba, amma ba wani jiƙo ko tsimi ko shayin kamfani na WhatsApp da aka tabbatar yana narkar da fibrom. Gudajin da ke fita a ce maki ga shi nan yana zuba, jininki ne. Wadda ta ce ta warke da shi sau da yawa shekarunta ne suka kai al'ada ta ɗauke. In kin nace sai kin gwada, yi ekografi da analiz na jini kafin, ki sake bayan wata uku a wuri guda, ki ga da idonki, kuma kar ki cusa komi a gaba, kuma ki faɗa ma mai anestezi duk abin da kike sha don wasu suna taɓa hanta da ƙoda.

In an tsaida ranar aiki, ko wanne ne, jini shi ne abin da ke jinkirta mutane. Ki san rukunin jininki, ki fara fer da wuri, maigida ya tara ƙannensa da abokan fada su je cibiyar ba da jini tun da sauran kwanaki ba ranar da kina kan gado ana buga waya ba. Mai hawan jini ko sukari ta daidaita su tukuna. Wadda kuma ta samu ciki da fibrom a jikinta kar ta firgita, mafi yawa suna haihuwa lahiya, yana iya yin ciwo mai tsanani a tsakiyar ciki wanda hutu da maganin ciwo daga likita ke kwantarwa, ba a cika taɓa shi ba sai bayan haihuwa, amma awo da haihuwa a babban asibiti don jini yana iya ɓallewa bayan an sauka. Wadda al'adarta ta ɗauke shekara guda ko fiye sai ta ga jini, ko ta ji ƙarin yana ƙara girma maimakon raguwa, kar ta ce tsohon fibrom ɗina ne, wannan a satin nan za ta ga jinekolog.